Kumburin ƙafa, gudan jini da murɗaɗɗun jijiyoyi: tambayoyin da aka fi yi a Kebbi da amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin masu ciwon ƙafa da masu jinyarsu, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Yauri da Zuru. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura a 'yan kwanakin nan kada ya tsaya bin su a jere, ya wuce kai tsaye zuwa amsar gudan jini da wadda ke bi mata.

Me ya sa ciwon jijiyar jini ya fi sauka a ƙafa?

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su raba wa jiki, su ne ake jin bugunsu a wuyan hannu. Akwai kuma masu mayar da shi zuciya, irin waɗanda ake gani a bayan hannu, inda ma'aikacin asibiti ke sa allurar ƙarin ruwa. Saukar jini zuwa ƙafa ba ta da wuya, zuciya na tura shi, nauyinsa ma na jan sa ƙasa. Komawar ce aiki, don hawa zai yi tun daga tafin ƙafa har ƙirji.

Abu biyu ke taimaka masa. Duk takun da mutum ya yi, naman sharaɓa na matse jijiyoyin da ke cikinsa ya tura jinin sama, kamar yadda injin ban-ruwa ke ɗaga ruwa daga gulbi zuwa gonar shinkafa. Sannan a cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa idan jini zai hau, su rufe idan zai dawo baya. In mutum ya daina motsi, jinin ya kwanta. In ƙofofin suka saki, ya riƙa zamewa ƙasa yana taruwa.

Jijiyoyi sun fito min raɗa-raɗa a sharaɓa, sun murɗe. Abin tsoro ne?

Yawanci ba ciwon da ke kisa ba ne, ko da yake ganinsu na tayar da hankali. Jijiyoyin kusa da fata ne ƙofofinsu suka saki, jini ya taru ya buɗa su. Abin na bin gida, in uwa ko uba na da shi 'ya'ya ma sukan samu. Yawan ɗaukar ciki, ƙiba, shekaru da sana'ar tsayuwa suna ƙara shi, shi ya sa ake ganinsa ga mai shayi, mai aski, malamin aji, ma'aikaciyar jinya da matan da ke yini a kan tukunyar turara shinkafa. Ƙafa kan yi nauyi da yamma, ta yi zugi ko ƙaiƙayi, wani lokaci nama ya ɗaure cikin dare, da safe kuma a tashi da sauƙi.

Tafiya da ƙafa, rage ƙiba, da kwanciya a ɗora ƙafa kan matashi har ta ɗara ƙirji na minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a rana suna rage wahalar sosai. A nemi likita idan fatar wajen idon sawu ta fara baƙi ko tauri, ko rauni ya fito ya ƙi warkewa, ko wata jijiyar ta yi tauri kamar igiya tana zafi. Akwai aikin da ake yi a rufe jijiyar da ta lalace, ko da zafin na'ura, ko da allura, ko a cire ta, jinin kuma ya bi ta jijiyoyin ciki ba tare da matsala ba.

Idan ɗaya ta fashe, jinin kan yi tsartuwa har ya firgita mutanen gida. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle na aƙalla minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗaure cinya da igiya ko roba, yin haka na ƙara zubar.

Yaya zan gane jini ya daskare a jijiyar cikin ƙafa?

Wannan ne mai haɗarin, kuma shi ba a ganinsa da ido, don gudan jinin yana can cikin nama, a sharaɓa ko cinya ko ƙugu. Alamarsa mafi ƙarfi ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Sharaɓa kan yi ciwo kamar nama ya ɗaure ya ƙi saki, wurin ya yi ɗumi, fata ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, saboda haka kada a tsaya jiran ja.

Ana iya ɗaukar tef ɗin tela a auna sharaɓa biyu a daidai wuri ɗaya, kamar santimita 10 ƙasa da gwiwa. Bambancin da ya haura santimita 3 na daga cikin abin da likitoci ke lura da shi. Amma rashin bambanci bai wanke ƙafar ba, wasu gudajen ba sa nuna komai sai sun yi ɓarna. Wanda ya ga waɗannan alamu, musamman in yana cikin mutanen da aka ambata a amsar waɗanda abin ya fi kamawa, ya ga likita a ranar.

Yaushe ne ba a jiran gari ya waye?

Lokacin da gudan ya ɓalle daga ƙafa, jini ya ɗauke shi ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Mutum zai ji numfashi na neman gagararsa farat ɗaya, ƙirji na suka in ya ja numfashi, zuciya na bugawa da sauri. Wani zai yi tari da jini, wani jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda abin ya same su a huhu, mutuwar farat ɗaya ce alamar farko. Sau nawa muke jin an ce wance ta haihu lafiya, an yi suna, ta miƙe za ta kewaya ta yanke jiki ta faɗi? Wasu daga cikin irin waɗannan rasuwa wannan ne sanadinsu, kuma da yawa ƙafa ta riga ta yi gargaɗi kwanaki kafin nan. A nemi mota a kai mutum sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, kuma kada a sa shi tafiya da ƙafarsa.

Ƙafafuna biyu ne suka kumbura. Shi ma gudan jini ne?

Ba kasafai ba. Kumburin ƙafa biyu daidai-wa-daida ya fi nuna zuciya, ƙoda, hanta, tsohon ciki, ko wasu magungunan hawan jini irin amlodifin. Shi ma na zuwa asibiti ne, sai dai gwajinsa daban.

Akwai kuma tundurmi, wanda ake samu a yankinmu. Wata tsutsa ce da sauro ke yaɗawa take lalata hanyoyin ruwan jiki, ƙafa ta riƙa girma a hankali cikin shekaru, fata ta yi kauri. Shi ya sa ake rabon Mectizan da maganin tsutsa a ƙauyuka. Bambancinsa da gudan jini shi ne lokaci: tundurmi na shekaru ne, gudan jini na kwanaki.

Su wa abin ya fi kamawa?

Tun wajen 1856 wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ya yi bincike kan yadda gudan jini ke tashi daga ƙafa ya kai huhu, kuma har yau da sunansa ake kiran dalilai uku da ke haddasa daskarewar: jini ya kwanta ba ya gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Wanda aka yi wa babban aiki, musamman na ƙugu ko gwiwa ko ciki, ya haɗa duka ukun. Haka mai ciwon daji, mai shanyewar ɓarin jiki da ke kwance, da tsohon da jinya ta kwantar. Masu sikila, masu ƙiba, masu shan taba, masu tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki, da wanda wani na jininsa ya taɓa samu yana da ƙuruciya, su ma haɗarinsu ya ɗara na sauran jama'a.

Wanda aka fi mantawa da shi a nan shi ne mai karaya. Kebbi ƙasar ɗori ce, har daga nesa ake zuwa Aliero dominsa. Amma ko a ina aka gyara ƙashin, ko wajen maɗori ko a asibiti, ƙafar da aka ɗaure ta yi makonni ba motsi wurin daskarewar jini ce. Idan kumburi ya ci gaba da hawa har cinya bayan an yi kwanaki, ko mai karayar ya fara haki yana kwance, kada a ce ai zafin ɗori ne.

Ina da ciki, ƙafata ta kumbura. Na bari sai na haihu?

Ɗan kumburin ƙafa biyu da yamma abu ne da aka saba gani ga mai ciki, haka jijiyoyin da ke fitowa a ƙafa, waɗanda sukan ragu 'yan watanni bayan haihuwa. Amma ciki na ninka haɗarin gudan jini kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma ya fi faɗawa ƙafar hagu. Ƙafa ɗaya da ta fi 'yar'uwarta kumburi, ko ciwon matsematsi da cinya, ba na jiran ranar awo ba ne. Idan kuma fuska da hannuwa ne suka kumbura ga ciwon kai, a auna hawan jini a ranar, saboda gudun jijjiga.

Haɗarin ya fi tsanani a makonni shida bayan haihuwa, wato kusan daidai da kwana arba'in na jego, ya fi kuma ga wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri. Hutun maijego haƙƙinta ne, amma hutu ba ya nufin ta yini a gado. Ta riƙa zagaya tsakar gida, ta sha ruwa sosai, musamman da yake wankan ruwan zafi na sa ta zufa. Iyaye mata da ke kula da ita su ne idonta: in ta ce Inna, numfashina, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Yana iya zama gudan jini a huhu, yana iya zama raunin zuciya bayan haihuwa, wanda aka daɗe da sanin yawansa a Arewa kuma yawan gishiri da kanwa ke tsananta shi. Ko wanne ne, na asibiti ne.

Ƙwayar tazarar haihuwa na jawo shi?

Ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin istirojin suna ɗan ƙara haɗarin, ko da yake bai kai wanda ciki kansa ke kawowa ba. Wadda ta taɓa samun gudan jini, ko ba ta daɗe da haihuwa ba, ko ta haura 35 tana shan taba, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin a ba ta. Ashanar hannu da robar mahaifa ba su da wannan sinadari.

Tausa, ƙaho ko sakiya ba za su fitar da mataccen jinin ba?

Ba za su kai gare shi ba. Ƙaho na jan jini ne daga fata, gudan kuwa yana can cikin jijiya mai zurfi a tsakiyar nama, baƙin jinin da wanzami ya nuna maka ba shi ba ne. Tausa ta fi muni, don murza sharaɓa da ƙarfi na iya ɓallo gudan ya tafi huhu. Tsaga da sakiya a ƙafar da jini ke taruwa kuwa sukan bar rauni da ke rikiɗewa ya zama gyambo.

Ga wanda ya fara shan maganin hana daskarewar jini, ƙaho, tsaga, cire beli da duk abin da ya shafi aska sai da sanin likita, don jinin na iya ƙin tsayawa. Mutane na riƙe da ƙaho saboda sunna, wannan abin girmamawa ne, amma ƙafar da ta kumbura ita kaɗai a fara kai ta hoto tukuna.

Wane gwaji ake yi, kuma a ina?

Babban gwajin shi ne hoton Dofla, na'ura irin wadda ake duba mai ciki da ita, sai dai ana bin jijiyar ƙafa a ga ko jini na wucewa. Ba allura, ba ciwo. Hoton ƙashi ba ya nuna gudan jini. Akwai gwajin jini da ake kira Di-daima, wanda amfaninsa ya fi yawa wajen kore zargi ga mai ƙaramin haɗari, don yakan hau ga mai ciki, mai zazzaɓi ko wanda aka yi wa aiki ko da babu gudan. In huhu ake zargi, hoton CT na ƙirji ake yi.

Manyan asibitoci ake nufa da irin wannan, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda har yanzu jama'a ke kira FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin garinsu. Idan zargin ya yi ƙarfi, likita na iya fara magani kafin a samu hoton.

Wane magani ake bayarwa, kuma har zuwa yaushe?

Maganin hana daskarewar jini. Ba ya narkar da gudan nan take, yana hana shi girma da ɓallewa ne, jiki ya riƙa cinye shi a hankali. Akwai allurar fatar ciki irin Clexane, akwai tsohuwar ƙwaya wafarin, akwai sababbi irin Xarelto da Eliquis waɗanda ba sa buƙatar yawan gwaji amma sun fi tsada. Mai ciki allura ake ba ta, don wafarin na cutar da ɗan tayi, amma mai shayarwa na iya shan sa.

Mafi ƙaranci wata uku ne. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: kumburi ya saɓe bayan mako biyu, kuɗi sun yi ƙasa, sai a ajiye magani. Wanda ya ga ba zai iya sayen wanda aka rubuta masa ba ya faɗa wa likita gaskiya tun farko a sauya masa mai araha, ya fi ya sha na wata ɗaya ya tsaya. A koma asibiti da gaggawa in an ga haɓon da ya wuce minti 10, baƙin bayan gida, jini a fitsari, al'adar da ta wuce ƙima, ko an faɗi a babur kai ya bugu ko da babu rauni a waje.

Ina shan wafarin. Zan daina cin zogale? Azumi fa?

Ba sai ka daina ba. Ganyaye irin zogale, alayyafo, rama da kabeji na da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wafarin. Matsalar ita ce sauyi, a yi wata ba a ci ba, damina ta zo a riƙa cin kwaɗo kullum. Ka riƙa ci daidai yadda ka saba, ka riƙa zuwa gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, wanda ga yawancin masu gudan jini ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Abin da ya fi ganye haɗari shi ne maganin kemis. Asfirin, ibufurofen da diklofenak, har da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki, suna jawo zubar jini. Flagyl da Septrin na ƙara wa wafarin ƙarfi, maganin tarin fuka na rage shi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba mai iya auna abin da za su yi. In ciwo ya dame ka, farasitamol ya fi aminci.

Game da azumi, mai shan sau ɗaya a rana yawanci ana iya mayar masa da shi bayan shan ruwa, Xarelto ma tare da abinci ake shan sa. Mai shan sau biyu a rana ya zauna da likitansa tun watan Sha'aban. A sha ruwa isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur, musamman in azumin ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40.

Gyambon idon sawuna ya ƙi warkewa, wasu na cewa asiri na taka.

Gyambon da ke zaune a saman idon sawu ta ciki, fatar gefensa ta yi baƙi, ƙafa na kumbura da yamma, yawanci jini ne da ke taruwa ya hana fata samun abin da take buƙata. Yakan biyo bayan murɗaɗɗun jijiyoyi ko tsohon gudan jini. Masu sikila ma sukan yi gyambo a wannan wuri. Yana warkewa, amma ba da shafe-shafe kaɗai ba. Sai an wanke shi yadda ya kamata, an naɗe ƙafar da bandeji mai matsi a hannun wanda ya iya, ana kuma ɗaga ta, na tsawon watanni. Barbaɗa garin kafso, toka ko ruwan batir na cinye naman da ke ƙoƙarin tohowa. Addu'a ba ta hana zuwa wankin ciwo. Kafin a matse ƙafar dole a tabbatar jini na isa gare ta, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Ƙafata na sanyi, in na yi tafiya sharaɓa ta ɗaure sai na tsaya. Duk abu ɗaya ne?

A'a, wannan jijiyoyin da ke kawo jini ne suka ƙuntata, kitse ya taru a bangonsu. Ya fi kama masu ciwon suga, masu hawan jini da masu shan taba. Mutum zai taka daga gida zuwa masallaci ciwo ya kama shi, ya tsaya 'yan mintoci ya sake shi. In ya yi nisa, yatsu na zugi cikin dare har sai an sauko da ƙafa daga gado. Wannan ƙafar ba a ɗaga ta, ba a kuma matse ta. Barin taba shi ne kan gaba, sai riƙe suga da hawan jini, da tafiya kullum, da magungunan da likita zai rubuta.

Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, kada ya yi yawo ba takalmi, kuma da hunturu kada ya kara ƙafa a garwashi, yana iya ƙonewa bai ji ba. Ƙafar da ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, da ciwo mai tsanani, ta mutu ba ta motsi, awoyi kaɗan gare ta kafin a rasa ta.

Safar matsi na da amfani?

Tana da shi ga mai murɗaɗɗun jijiyoyi, mai kumburin bayan gudan jini da wanda gyambonsa ya warke. Ana auna ƙafa kafin a saya, a sa ta da safe kafin kumburi ya taso, a cire lokacin kwanciya, kuma ba a naɗe bakinta. In zafi ya hana yini da ita, a sa ta aƙalla a awoyin tsayuwa. Mai ƙuntatar jijiyar da aka ambata a amsar da ta gabata kada ya sa sai likita ya duba shi.

Ni direba ne, mahaifiyata kuma za ta Hajji. Me za mu yi?

Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi shi ne inda haɗari ke fara ƙaruwa, ko a jirgi ko a mota. Direban da ke ɗaukar albasa ko shinkafa zuwa Legas, da fasinjan da aka matse a kujerar baya, sun wuce wannan nesa ba kusa ba. Jirgin alhazai daga Birnin Kebbi zuwa Saudiyya ma ya haura haka, ga zaman jira kafin tashi. Tsayawa sallah taimako ne babba, a ƙara da ɗan zagaye. A zaune kuma a riƙa ɗaga dunduniya da yatsu sama da ƙasa. Hajiya ta sha ruwa, don tsofaffi mata da yawa na ƙin sha saboda gudun kewayawa a hanya. Ba a shan asfirin haka kawai saboda tafiya. Wanda ya taɓa samun gudan jini ko bai daɗe da yin aiki ba ya faɗa a wurin gwajin lafiyar maniyyata. Alamun na iya fitowa makonni bayan an sauka.

Na gama shan magani. Zai iya dawowa?

Zai iya. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu sukan sake samu cikin shekara 10. Wanda dalilinsa ya wuce, kamar karaya ko aiki, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda abin ya zo masa ba dalili, ko ya zo sau biyu, ko yana da ciwon daji, likita na iya ce masa ya ci gaba da magani na shekaru. Wasu kuma ƙafar kan ci gaba da nauyi da kumburi saboda gudan ya lalata ƙofofin jijiyar, a nan safar matsi da tafiya ke taimakawa. Duk lokacin da za a kwantar da kai, ko a yi maka aiki, ko mace ta samu ciki, a faɗa wa ma'aikatan lafiya tun ranar farko, don akwai allurar rigakafi da ake yi wa irin waɗannan.